Kunamar Baya ta Glenys Harnett

Bindiga ɗaya tal Glenys Harnett ta taɓa mallaka a rayuwarta, wata tsohuwa mai baki biyu a jere da kunama biyu, wadda ta saya a gwanjon kayan wata gona tun kafin ta yi aure. Gonarta da tawa shingen waya ne kawai ya raba su, can arewa da garin Korrawin. Tun da mijinta ya rasu ni nake biyawa in ɗauke ta a a-kori-kurata ranar Lahadin farko ta kowane wata, mu tafi filin harbi na ƙungiyarmu. Inji ya cilla faifan yumɓu sama, mu bi layi muna fasawa, in an tashi a gasa nama a sha shayi, kowa ya kawo uzurin abin da ya sa ya kuskure. Glenys ba ta cika kawo uzuri ba, don ba ta cika kuskurewa ba. In faifai ya tsere wa bakin farko, bai yin nisa na biyu ya cim masa.

Sauranmu duk mun daɗe da komawa bindigogin zamani, masu baki ɗaya a kan ɗaya da kunama guda. Ita kuwa takan ce waɗannan bindigogin malalata ne. A tata, kunamar gaba ce ke tayar da bakin dama, sai ka zame yatsa zuwa ta baya ka tayar da na hagu, kuma ita tana yin wannan zamewar da saurin da ido bai kamawa.

Lokacin askin tumaki, tana dab da cika saba'in, wani ƙaton rago ya bangaji ƙofar ƙarfe ta datse mata hannun dama. An kai ta asibiti an ɗora, an yi ɗinki. Hannun ya warke, amma manuniyarta ta sandare. Tana ɗan lanƙwasuwa daga tushe, gaɓoɓin gaba kuwa sun ƙi, kamar an dasa mata guntun kara.

Ranar da ta koma fili kowa ya yi murna. Kunamar gaba ba ta ba ta wahala ba, tunda yatsa a miƙe yake isa gare ta. Ta baya ce matsalar, don tana kusa da tafin hannu, sai an naɗe yatsa sosai kafin a ja ta. Duk faifan da ta kuskure da bakin farko, sai mu ga tana bin sa da bindiga, kafaɗarta na rawa don ƙoƙari, shiru, har faifan ya faɗi cikin ciyawa lafiyarsa ƙalau. Murray Stace, shugaban ƙungiya, ya same ta wajen shayi ya ce in tana so a mayar da ita gasar harbi ɗaya-ɗaya, inda ba a bukatar baki na biyu. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ta dube shi har ya gama, ta tambaye shi ko akwai sauran sukari.

Da aka tashi na mayar da ita har bakin ƙofar gonarta. Tana sauka ta ce, "Nev, jibi za ka kai ni wurin Tibor."

Tibor Halas shi ne mai gyaran bindiga a yankinmu, a wani shago bayan gidansa a garin da ke gaba da namu. Tun yana yaro iyayensa suka zo da shi daga Hungary, amma har ya tsufa bai daina kiran kowace mace Madam ba. Ya ɗaure bindigar a kan teburinsa, ya zura mata harsasan wofi na gwaji, ya ɗauko ɗan sikelinsa mai ƙugiya ya saƙala a kunamar gaba, ya ja a hankali har ta ce ƙas. Ya yi wa ta baya haka.

"Ta gaba kilo ɗaya da rabi, ta baya ta kusa biyu," in ji shi. "Lafiyarta ƙalau. Me kike so in gyara?"

"Sauke mini ta baya zuwa kilo ɗaya."

"A'a."

Ta ce ba shawara ta zo nema ba, aiki ta kawo. Shi kuma ya kwance mata gefen bindigar ya nuna mata wani ɗan haƙorin ƙarfe da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ke riƙe da 'yar gudumar da ke bugun harsashin baki na biyu. Ya ce da gangan maƙera ke sa kunamar baya ta fi ta gaba nauyi. In bakin farko ya tashi, bindigar duka takan girgiza, kuma wannan ɗan haƙorin ne kaɗai ke hana gudumar ta biyu faɗawa. In aka rage masa kamu, wata rana girgizar za ta kuɓutar da ita, baki biyu su tashi tare. Ya ce ba zai iya gaya mata ranar ba, amma za ta zo.

"Madam, ki sayi mai kunama ɗaya. Ki huta, ni ma in huta."

"Ka haɗa mini da sandar dogarawa da kujerar shan hantsi, a naɗe su a leda ɗaya."

Ya mayar da sukurori ya miƙa mata bindigarta. Muka fito ba sallama.

Bayan 'yan kwanaki na fara jin harbi daga wajen gonarta da yamma, biyu-biyu, ɗaya na bin ɗaya kamar dā. Da Lahadin wata ta zagayo ta shigo mota fuskarta a sake, ta ce bindiga ta gyaru. Na tambaye ta wa ya gyara. Ta ce in kula da hanya, akwai kangaru a wajen kwanar nan.

Zagayen farko ta yi harbi kamar ba abin da ya taɓa samun hannunta. Sau uku ta kuskure da bakin farko, sau uku na biyu ya fasa. Har tafi aka yi mata. A zagaye na biyu ina tsaye a hagunta, wata yarinya malamar makaranta da ta shiga ƙungiya kwanan nan tana damanta. Glenys ta ɗaga bindiga ta kira faifai. Ƙarar da ta biyo baya ba irin wadda kunne ya saba ba ce, ta fi kama da faɗuwar rufin kwano gaba ɗaya. Na ga Glenys ta yi baya taga-taga ta zauna daɓas a kan siminti. Tabaranta ya yi gefe, kuncinta ya tsage, jini na bin wuyan rigarta. Bindigar dai ba ta sake ta ba, kuma bakin na kallon sama, ba ta bari ya juyo kan kowa ba. Yarinyar nan ta ajiye tata bindigar ta koma bayan layi ta zauna a ƙasa.

Murray ya zo ya karɓi bindigar ya karya ta. Kwanson harsashi biyu suka fito, dukansu na hayaƙi. Ya ɗaga su kowa ya gani.

A asibiti aka ɗinke kuncin, aka ce ƙashin kafaɗa bai karye ba amma ya ji jiki. Nan ɗanta Darrel ya same mu, da takalman aiki da ƙurar gona a jikinsa. Darrel mutum ne mai sanyin magana, kuma yana son uwarsa, wannan kowa ya sani. Ya saurari abin da ya faru daga bakina, ya je motata ya ɗauki bindigar ya sa a tasa, ya ce za ta zauna a akwatin ƙarfensa. A bakin ƙofa ya ce mini ya riga ya binne ubansa, ba zai tsaya yana kallo ba har a kira shi a ce uwarsa ta fasa kanta ko ta fasa 'yar wani.

Ranar Asabar da rana aka kira taron ƙungiya a rumfarmu. Maganar da Murray ya kawo ba ta tsaya kan bindigar ba. Ya ce abin da ya faru ya nuna hannun Glenys bai iya riƙe makami yanzu, wataƙila yatsan da ya sandare ne ya zame ya taɓa kunama biyu a tare, don haka yana ganin a roƙe ta ta ajiye harbi. Za a bar mata kujerarta a ƙungiya har ƙarshen rayuwarta, ta riƙa rubuta maki in tana so. Darrel ya ɗaga hannu ya goyi baya, idonsa a ƙasa. Ba wanda ya yi tsammanin za ta zo. Ana cikin haka sai ga ta, rabin fuskarta baƙi da shuɗi, hannu a rataye a wuya. Da kanta ta tuƙo tsohuwar motar gonarta da hannun hagu.

Ba ta zauna ba. Ta tsaya kusa da tukunyar shayi ta ce, "Ranka ya daɗe shugaba, ka gama? To ba yatsana ne ya zame ba. Ni na kwance bindigar a teburin kicin, na ɗauki magagari na goge haƙorin da Tibor ya ce kar a taɓa. Ya gaya mini abin da zai faru, na ƙi ji, ya kuma faru. Wauta ce, kuma tawa ce. In hukuncin wauta za ku yi mini, ga ni. Amma ba za ku ɗauki laifin magagari ku ɗora wa shekaruna ba."

Ta juya wajen malamar makarantar nan ta ba ta haƙuri a gaban kowa, ta ce ita ce kaɗai a rumfar take da hakki a kanta. Sai ta dubi ɗanta.

"Kai kuma, hannunka bai gaji ba? Sauke shi."

Darrel ya ce, "Mama, ba don in ci miki fuska ba ne."

"Na sani. Don ka samu barci ne. Sauke."

Murray ya ce ko da haka ne, ƙungiya ba za ta yarda da bindigar da ba a san nauyin kunamarta ba. Glenys ta ce ta yarda ɗari bisa ɗari. Sai ta tambaya, a cikin duk waɗanda ke zaune, wa ya san nauyin kunamar tasa? Kowa ya shiga kallon na kusa da shi. Ta ce ta san mutum huɗu a nan da suka taɓa kai bindigoginsu wurin wani ɗan'uwa ko suruki ya ɗan sassauta musu, ba za ta kira suna ba tunda matansu na wurin. In za a auna tata, a auna ta kowa, a tsayar da iyaka, duk wadda ta gaza a fitar da ita daga fili, ko ta wace ce.

An yi ta ka-ce-na-ce har shayi ya huce. Wasu suka ce ana maganar Glenys ne, me ya kawo bindigoginsu ciki. Wani ya ce shi tasa daga Italiya ta zo a haka, ba mai saƙala mata ƙugiya. Malamar makarantar ce ta tashi ta ce ita dai tana so ta san abin da ke hannun wanda ke tsaye kusa da ita, ko tsoho ne ko yaro. Daga nan magana ta juya. Aka jefa ƙuri'a, aka tsayar da cewa za a auna kowace bindiga, kuma Glenys za ta iya dawowa in Tibor da kansa ya gyara tata, ta kuma nuna tana iya jan kunama biyun a yadda ya bar su.

Da aka aro sikelin Tibor aka yi awon, bindiga uku suka faɗi. Tawa na ciki. Ban taɓa kai ta wurin kowa ba, tsufa ne ya cinye mata haƙori ban sani ba. Glenys ta yi dariya har ɗinkin kuncinta ya yi mata zafi, ta ce ashe shekara da shekaru tana tsaye kusa da bam. Ta Murray ta tsallake da ƙyar, kuma ta tabbatar kowa ya ji cewa da ƙyar ne.

Karɓo bindigar daga hannun Darrel bai ɗauki lokaci ba. Ta je gidansa ta tsaya a tsakar kicin, ta ƙi zama, ta ƙi shayi, ta ce bindigar da sunanta take a wurin hukuma, ko ya buɗe akwatin ko ta je ofishin 'yan sanda ta ce an ɗauke mata makami. Ya ce ba za ta yi wa ɗanta haka ba. Ta tambaye shi ko yana so ya gwada. Ya ɗauko mabuɗi.

Tibor ne ya ba da wahala. Da ya buɗe bindigar ya ga abin da ta yi, ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ya tura mata. Ya ce shi ba ya bin bayan mahauta. Haƙorin ya lalace, ba a sayar da irinsa a ko'ina, sai dai a sassaƙa sabo da hannu, kuma ba zai ɓata idonsa a kan abin da za a koma a goge a teburin kicin ba. Glenys ba ta yi musu ba. Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar shagon, ta ce in tafi abina in dawo da yamma. Washegari ma haka, da gorar shayinta da burodinta. Duk wanda ya shigo da aiki sai ta tare shi ta nuna masa kuncinta, ta ba shi labarin abin da ta aikata daga farko har ƙarshe, ta ƙara da cewa Tibor ne kaɗai a faɗin jihar zai iya gyarawa, amma ga alama aikin ya fi ƙarfinsa yanzu, ido ya tafi. Matar Tibor ta fara fito mata da kek. Ban san ko kek ɗin ne ya karya shi ba ko maganar ido, amma wata yamma da na zo ɗaukar ta na tarar bindigar a kwance a teburinsa, shi kuma yana masifa da harshen iyayensa.

Da ya gama ya kira mu. Ya saƙala ƙugiya a kunamar baya ya ja, allurar sikeli ta wuce inda take tsayawa dā, ta haye kilo biyu kafin mu ji ƙas.

Glenys ta ce, "Ai ka ƙara mata nauyi."

"Na ƙara. Wannan na magagari ne."

"To ka ƙara wani in kana so. Zan ja ta."

"Da wane yatsan, Madam?"

Ta ce wannan ba aikinsa ba ne, nasa ya ƙare.

Da yatsan tsakiya ta koma. Faɗarsa da sauƙi, amma hannun da ya shekara arba'in da wani abu yana abu ɗaya ba ya sake hali don an ba shi umarni. Riƙon bindigar gaba ɗaya ya canza, hannun ya ɗan hau sama, gwiwar hannu ta sauka. Yatsan tsakiya yana da ƙarfi amma ba shi da wayo, yakan fizga maimakon ya matsa, bakin bindiga ya karkace. Ga manuniyar nan a miƙe a gefe ba ta aikin komai sai tare hanya, duk harbi ƙarfen bindiga ya buge ta har ta kumbura ta fashe. Glenys ta je wurin likitan da ya yi mata aiki ta ce ya yanke ta kowa ya huta. Likita ya ɗauka wasa take yi. Da ya gane da gaske take, ya ce shi ba ya yanke yatsa mai rai don faifan yumɓu. Ta dawo tana cewa likitocin yanzu ba su da zuciya, ta yanki yatsan wata tsohuwar safar hannu ta fata ta zura, ta naɗe da salatif.

In na biya ta gonarta da safe nakan same ta tana kai wa karnuka ruwa, bokitin rataye a yatsa ɗaya. A falo kuwa, tana sauraron rahoton farashin ulu a rediyo, bindigar na kafaɗarta da harsasan wofi, tana bin layin da bango ya haɗu da silin, ƙas, ƙas, ta karya ta sake ɗanawa. Ta ce mini da farko yatsan kan kwana yana zogi har gwiwar hannu. Ban ce ta bari ba. Na san amsar da zan samu, kuma ni ke zuwa da ita gida.

Sanyi ya fara shiga ranar da ta koma fili. Tibor da kansa ya zo, abin da bai taɓa yi ba, da hularsa da kwat kamar mai zuwa coci. Murray ya auna kunamun a gaban jama'a ya faɗi nauyin da ƙarfi, sannan ya ce ta nuna. Ta sa harsashi biyu, ta juya ga fili, ta harba ɗaya, ta harba ɗaya. Ya tambaye ta da wane yatsa ta ja. Ta ɗaga masa yatsan tsakiya shi kaɗai, tsaye, dab da hancinsa, wanda a wurinmu ya fi daƙuwa muni, ta ce, "Da wannan, ranka ya daɗe. Ka gan shi da kyau, ko in matso?" Rumfa ta kwashe da dariya, har Murray ɗin, bayan kunnuwansa sun gama ja.

Harbin ranar kuwa bai yi kyau ba. Ita ce ta ƙarshe a allon maki, ƙasa da yaran da suka fara bara. Faifan da dā take fasawa tana hira suka riƙa wuce ta. Murray ya ce doka ta yarda a matso da wanda ya dawo daga jinya kusa da inji. Ta ce daga layin da ta bari za ta ci gaba, in ya ga ta matsa gaba to gawarta ce ake ɗauke da ita zuwa mota. Wata na biyu ma ita ce ta ƙarshe. A na uku ta haye mutum biyu, ɗaya daga cikinsu ni ne, ina fama da sabuwar kunamata mai tauri. Daga nan ta riƙa hawa a hankali har ta zauna wajen tsakiyar allo. Saman allon dai ba ta sake komawa ba, kuma ba ta yarda a yi mata ƙaryar cewa saura kaɗan ba.

Duk wannan lokacin Darrel bai sake zuwa fili ba. Yana zuwa gonarta ya gyara mata famfo, ya kawo mata itacen hura wuta, su yi maganar ruwan sama da farashin hatsi, ba mai ambaton bindiga. Sai ƙarshen sanyi, tumaki na tsakiyar haihuwa, yanyawa suka addabi garkensa. Kullum da safe sai ya tsinci 'yan raguna an cinye musu harshe da ciki. A cikin kyauron rafin da ya ratsa gonarsa suke ɓuya, kuma hanyar fitar da su ita ce a jera masu bindiga a bakin rafin, wasu su shiga da karnuka su koro. Ya kira ni, ya kira Murray da wasu, sannan ya yi ta kewaye-kewaye a waya kafin ya ce ko zan gaya wa Mama. Na ce yana da lambarta.

Ya kira ta. Ta ce za ta duba ko tana da sarari. Ranar da safe na tarar da ita a bakin ƙofa da bindiga a jaka tun kafin in tsaya.

Darrel ne ke raba wurin tsayuwa. Ya sa ni a gindin wata bishiyar turare, ya sa Murray a kan gada, sannan ya nuna wa uwarsa wani ɗan tudu can baya, wurin da rana ke bugawa, nesa da inda ake sa ran wani abu zai fito. Ta dubi tudun, ta dube shi, ta wuce ta gabansa ta tafi ƙarshen kyauron, inda rafin ya tsuke ya bi ta ƙarƙashin shinge. Duk wanda ya taɓa wannan farauta ya san nan ne mafita. Darrel ya kira karnukansa ya shiga kyauro.

Mun daɗe muna jin haushin karnuka da bugun gwangwani suna matsowa. Raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa. Daga inda nake ina hango ta, ba ta motsi, bindiga a ƙasan hammata. Sai ga wani ƙaton namijin yanyawa ja ya fito ta gefen da ba ta kallo, cikinsa na shafar ƙasa, ya nufi shinge. Ta juya ta harba. Gashi ya tashi daga cinyarsa, ya yi adungure, ya miƙe ya ci gaba da ƙafa uku. Na ƙirga a raina yadda dā take yi, na ga lokacin ya wuce, ya kusa wayar shingen. Sannan bakin hagu ya tashi, ya faɗi da kansa a ƙarƙashin shingen, bai sake motsi ba.

An kashe uku a ranar, amma nata ne babba. Darrel ya fito daga kyauro jiƙe sharkaf, ya je ya ɗago shi ta wutsiya, ya juya shi yana dubawa. Ya zo ya tsaya gaban uwarsa, tana cire kwanson harsashi tana zubawa a aljihu. Salatif ɗin yatsanta ya warware, jini ya ɗan ɓullo ta cikin fatar safar.

Ya ce, "Mama, hannunki na jini."

"Kullum yana yi. Na yi jinkiri a na biyun, ka gani?"

"Ina cikin kyauro, ban gani ba. Na dai ji."

"To na yi jinkiri." Ta rataya bindigar a karye a hannunta. "Akwai wani rafin a bayan rumbunka, can ma suna nan. Asabar mai zuwa, kuma ni zan raba wurin tsayuwa."

Darrel ya ce to. Ya jefa yanyawar a bayan motarsa, muka bi shi gida cin ƙwai da nama.